Ziriums da Zamanin da Waya Ta Zama Kamfanin Waƙa

Ban taɓa riƙe faifan Ziriums a hannuna ba, amma na haddace waƙarsa. A Zabori, cikin jihar Dosso, ta iso mana ne a katin memori na wani ɗan'uwana mai fatauci tsakanin Gaya da Kamba. Daga wayarsa ta shiga tawa ta Bluetooth, daga tawa ta bazu cikin abokai. Sai daga baya na san cewa waƙar da muke kunnawa a bainar jama'a an haramta ta a Kano, garin da aka yi ta.

Sunansa Nazir Ahmad Hausawa. Kafin a san muryarsa, an san hannunsa, domin mai haɗa sauti ne a situdiyon Golden Goose da ke Kano. A lokacin, fiyano da waƙoƙin soyayya na finafinai ne ke kawo kuɗi, masu hip hop kuwa kallon 'yan kwaikwayon Amurka ake yi musu. Mu a Nijar mun riga mun saba da rap, saboda ƙungiyoyin Yamai irin su Lakal Kaney da Kaidan Gaskia, amma Hausar Kano a kan wannan kiɗa sabon abu ce a kunnenmu.

A 2007, bayan badaƙalar wani bidiyon waya, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban Hukumar Tace Finafinai. Aka dakatar da ɗaukar fim, aka ɗaure Adam A. Zango a kan kundinsa "Bahaushiya". Ziriums ya mayar da martani da "Girgiza Kai", inda ya soki masu hana matasa sana'arsu. A 2009 kotun tafi-da-gidanka ta haramta waƙoƙi 11, tasa na cikinsu.

A nan ne tarihin ya juya. Ɗan kasuwa ba zai buga faifan da zai kai shi gaban alƙali ba, amma wa zai bi wayoyin mutane ɗaya bayan ɗaya? Haramcin ya zama talla. Waƙar ta tsallake iyaka ba tare da kamfani ko dillali ba, har ta iso ƙauyen da hukumar Kano ba ta da iko a kansa. Shi kuwa ya koma Abuja, kuma a 2010 ya fitar da kundinsa "This Is Me" a intanet, a lokacin da mafi yawanmu ba mu da hanyar sayen komai a can.

Wannan shi ne abin da ke damuna har yau. Mun biya mai cajin waya, mun biya mai tura waƙa a kasuwa, amma wanda ya kwana a situdiyo yana haɗa kiɗan bai ga ko dala daga gare mu ba. Hanyar da ta ceci waƙar daga hukuma ita ce ta raba mai ita da guminsa.

Daga baya tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta ba hip hop na Hausa fili, inda Nomiis Gee ya riƙa gabatar da mawaƙa. Yanzu babu mai ɓoye waƙa a aljihu. Sai dai tambayar da zamanin Ziriums ya bari tana nan: idan waƙa ta isa Zabori, ta wace hanya haƙƙin mai ita zai koma Kano?