Akidar Kiristoci Kan Hisabi Bayan Mutuwa Da Samun Ceto

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

A Parakou da Djougou, garuruwan da fataken goro suka riƙa yada zango a kan hanyarsu daga Kano zuwa Gwanja, muna zaune da Kiristoci a unguwa ɗaya da kasuwa ɗaya. Ɗalibanmu kan tambaye mu abin da suka yi imani da shi game da lahira. Ga bayani a taƙaice, domin kada mu jingina musu abin da ba su faɗa ba.

Su wane ne?

'Yan Katolika suna da babbar dayosis a Parakou tun 1997, ta Djougou kuma an kafa ta a 1995. Akwai kuma majami'un Furotesta, da yawansu sun samo asali daga mishan ɗin SIM. Waɗannan ɓangarori ba bakinsu ɗaya ba a kan komai.

Inda suka haɗu

Dukkansu sun yarda da tashin matattu, da ranar shari'a, da Aljanna da wuta. Sun yi imani cewa ɗan Adam ya gaji zunubi daga Annabi Adamu (AS), kuma ba ya iya fansar kansa. A wurinsu Yesu, wato Annabi Isa (AS), ya mutu a kan gicciye domin ɗauke wannan zunubi, kuma shi ne zai dawo ya yi wa rayayyu da matattu shari'a. Kuɓuta daga hukunci ita suke kira "ceto".

Inda suka rabu

Furotesta, bisa koyarwar Martin Luther da ya ɓalle a Jamus daga 1517, suna cewa ana samun ceto ta bangaskiya kaɗai, aikin kirki kuwa 'ya'yanta ne. Hujjarsu tana cikin wasiƙar Bulus ga Afisawa, sura ta 2. Katolika, a taron Trent (1545 zuwa 1563), sun tsaya a kan cewa ceto alherin Allah ne, amma sai an raya bangaskiya da ƙauna da ayyuka, suna kafa hujja da wasiƙar Yakubu.

Katolika suna koyar da cewa ana yi wa kowane rai hukunci da zarar ya fita, kuma mai sauran ƙananan zunubai yana bi ta matakin tsarkakewa kafin shiga Aljanna. Shi ya sa suke yi wa mamatansu addu'a, musamman ranar 2 ga Nuwamba, washegarin bikin waliyyansu da ake hutu dominsa a Benin. Furotesta ba su yarda da wannan mataki ba, don haka yawancinsu ba sa roƙa wa mamaci gafara.

Matsayinmu

Mun yarda da tashin ƙiyama da hisabi, amma Alƙur'ani ya kore gicciye Annabi Isa (AS) a Suratun Nisa'i, aya ta 157, kuma Suratul An'am, aya ta 164, ta bayyana cewa babu mai ɗaukar laifin wani. Jariri a wurinmu ba ya zuwa da zunubi, kuma Allah kaɗai ne Mai hukunci ranar sakamako.

Wanda zai tattauna da maƙwabcinsa Kirista ya fara sanin cocin da yake zuwa, sannan ya yi magana cikin ladabi, kamar yadda Suratul Ankabut, aya ta 46, ta umarce mu. Allah Ya sa mu cika da imani.