Labarin Mawaƙa Masu Mantuwa

Ku 'yan makaranta, kullum malamai suna horonku da hadda, wanda ya mance karatunsa a ce ya yi sakaci. To, yau za mu ba ku labarin waɗansu mutane waɗanda mantuwa ta zame musu jari.

Masu tarihin Larabawa sun ce, sa'ad da Abu Nuwas ke saurayi a Basra, ya tafi wurin malaminsa Halaf al-Ahmar neman izinin yin waƙa. Malam ya ce sai ya haddace waƙoƙi dubu na mutanen dā. Da ya haddace ya komo, sai malam ya ce, to, tafi ka mance da su sarai. Sai da ya mance, sa'an nan aka yi masa izini.

Amma fa ba sai mun tafi Basra ba. Wanda ya tashi daga nan Mashi ya miƙa gabas, ba da jimawa ba zai isa Daura, inda aka binne Alhaji Mamman Shata cikin 1999. A Musawa aka haife shi, cikin 1923, amma Sarkin Daura Muhammadu Bashar, wanda ya hau gado cikin 1966, shi ne babban ubangidansa. Shata ba ya rubuta waƙa ya ajiye. Abin da ya riƙe kam-kam shi ne gindin waƙa, watau abin da 'yan amshi ke maimaitawa, da kiɗan kalangu, da kirarin wanda ake wa waƙar. Su kuwa ɗiyan waƙa, na jiya sun tafi da jiya. In ya tsaya gaban jama'a sai ya duba wa ya zo, wa ya yi kyauta, wa ya yi rowa, ya ɗinka sababbi nan take. Don haka Bakandamiyarsa, wadda ya wasa kansa a cikinta, ba iri ɗaya ba ce cikin faya-fayan da aka ɗauka. A ganinmu, da ya daddage sai ya maido kalmomin jiya daidai, da idonsa bai ga mutanen yau ba.

Turawa ma sun tarar da haka. Tsakanin 1933 da 1935 wani malamin Amurka, Milman Parry, ya ɗauki muryoyin mawaƙan baka a ƙasar da ake kira Yugoslabiya a lokacin, ya ga mawaƙi na cewa waƙar nan ce dai ya sake, alhali kalmomin sun sauya.

Inda abin ke damunmu shi ne faifai ba ya mantuwa. Yaron da ya haddace Bakandamiya daga na'ura, waƙar yini guda ya haddace, har ya riƙa gyara wa dattijon da ya ji ta da kunnensa a wani taro dabam. Shata kansa, da aka tambaye shi yawan waƙoƙinsa, cewa ya yi bai sani ba.