Sarautun Gargajiya a Ƙasar Haɗeja: Asalinsu da Abin da Ya Rage Musu na Iko

Duk wanda ya halarci hawan salla a Haɗeja zai ga hakimai suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, kowa da jama'arsa da makaɗansa, kowa kuma ya san wanda yake gabansa da wanda yake bayansa. Wannan jeri ba a banza aka yi shi ba. Kowane rawani yana ɗauke da tarihin wani zamani, kuma in an bi sunayen sarautun a hankali za a tarar da Barno da Hausa da jihadi da mulkin Turawa duk a cikinsu.

Kafin jihadi, ƙasar da ke bakin kogin Haɗeja ba ta ƙarƙashin sarki ɗaya. Ƙananan masarautu ne guda bakwai, watau Haɗeja da Auyo da Garun Gabas da Gatarwa da Kazura da Fagi da Dawa, dukkansu kuwa suna kai gaisuwa Barno ta hannun Galadima mai zaune a Nguru. Saboda haka ba abin mamaki ba ne da yawancin manyan sarautun wannan yanki suka zo daga bakin Barebari. Galadima da Ciroma da Yarima da Kacalla duk daga can suke, haka nan Bulama, wanda har yanzu ake kiran mai ƙaramin gari da shi a gabas. A Barno, Galadima shi ne mai tsaron iyakar yamma, Ciroma kuwa ɗan sarki ne da ake sa ran ya gaji gadon. Da sunayen suka shigo ƙasar Hausa sai aikinsu ya riƙa sauyawa daga gari zuwa gari, har ya zama a wani wuri ɗan sarki ke riƙe Galadima, a wani wuri kuma gida ne daban ke gadonta. Wannan abu ne da ɗalibi ya kamata ya kiyaye: suna ɗaya ba ya nufin matsayi ɗaya a kowace fada.

Sauran sarautun na Hausa ne tsantsa, kuma yawancinsu na yaƙi ne. Madaki, watau Madawaki, shi ne shugaban mayaƙan doki. Barde da Sarkin Dawaki su ma sunayensu sun nuna aikinsu. A Kano, Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya tsara majalisar da ake kira Tara ta Kano, wadda ita ce ke zama da sarki kan manyan al'amura. Ba a rubuta tsarin mulki a takarda ba, amma sarki ya san akwai mutanen da ba ya iya tsallake su.

Malaman jihadi ba su ƙaunaci wannan tsari ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a littafinsa Kitabul Farƙi, ya lissafa sarautun Haɓe cikin abubuwan da ya soka, ya kuma nuna cewa mulkin adalci yana bukatar mataimaka huɗu: waziri amintacce, da alƙali, da shugaban masu tsaron doka, da mai tara haraji. Amma riƙon ƙasa ya fi ƙarfin wannan taƙaitaccen tsari. Ibrahim Dabo, wanda ya hau gadon Kano a 1819, ya nemi izinin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya maido da tsofaffin sarautu, domin ya sami abin da zai raba wa 'ya'yansa da manyan gidajen Fulani. Ta haka Madaki ta zauna a gidan Yolawa, Makama a gidan Joɓawa, Sarkin Bai a gidan Dambazawa, suka zama cikin masu zaɓen sarki. A Haɗeja ma, bayan da Sambo ya kama garin wajen 1808, fadarsa ta ci gaba da amfani da sunayen da ta tarar.

Zamanin Sarki Buhari ne ya nuna inda tsarin yake da rauni. A ƙa'idar daular Sakkwato, sarki yana da birki biyu: Shari'a, da kuma Sarkin Musulmi, wanda ke tabbatar da naɗi kuma yake iya tuɓewa. Buhari ya hau a 1848. Da ya sa aka kashe ɗan'uwansa Sarkin Auyo, sai Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya tuɓe shi, aka naɗa Ahmadu. Buhari bai karɓi hukuncin ba. Ya dawo da ƙarfi ya ƙwace garin, aka kashe Ahmadu, sa'an nan ya karya rundunar da aka turo masa a Kaffur. Daga nan har rasuwarsa a 1863 a yaƙin Bade, ba wanda ya iya taɓa shi, garuruwan gabashin Kano kuwa, ɓangaren da Miga take, suka zauna cikin fargabar hari. Abin lura shi ne waɗanda ya dogara da su. Ba 'yan'uwansa ba ne, bayin sarki ne da ya ɗaukaka, irin su Sarkin Arewa Tatagana da Sarkin Yaƙi Jaji. Bawa ba shi da gidan da zai koma, ba ya kuma neman gadon sarauta, don haka biyayyarsa ga mai gidansa kaɗai take. Sarakunan Kano su ma sun gane haka, shi ya sa Shamaki da Ɗanrimi da Sallama suka yi ƙarfi a ƙarni na 19 har suka fi wasu 'ya'yan sarki faɗa a ji.

Turawa sun ci Kano a 1903, Haɗeja kuwa sai a watan Afrilu na 1906, inda Sarki Muhammadu ya rasu yana yaƙi tare da manyan fadawansa da yawa. Sabon mulki bai rushe sarautun ba, sai dai ya canja musu ma'ana. A da, mai sarauta yana zaune a birni, garuruwansa a warwatse, jakadu ke karɓo masa haraji. Yanzu aka yanka ƙasa gunduma-gunduma, aka tura kowane hakimi ya zauna a tasa, aka yanka masa albashi daga baitulmali. Madaki ya bar dawakin yaƙi ya koma lissafin haraji da jangali. Bayin sarki kuwa aka rage musu hannu a harkar mulki. Mai tuɓe sarki ya zama Gwamna.

Daga 1946 sarakunan Arewa sun sami Majalisar Sarakuna a Kaduna, wadda ta yi kama da majalisar manyan gidaje ta Ingila, kuma wannan ne lokacin da aka fi kusantar sarauta mai tsarin mulki a rubuce. Bai daɗe ba. A 1963 gwamnatin Sardauna ta sa Sarkin Kano Muhammadu Sanusi ya yi murabus. Bayan juyin mulkin 1966 aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, sa'an nan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya mai da sarakuna masu ba da shawara. Ƙasar Malesiya ta bi wata hanya dabam: sarakunanta tara suna zaɓen ɗaya daga cikinsu ya shugabanci ƙasa na shekara biyar, kuma ikonsu yana rubuce a tsarin mulki. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 kuwa bai ba sarakuna wani aiki ba. Dokar jiha ce ke riƙe da su.

Mutanen wannan yanki sun ga abin da hakan ke nufi da idonsu. A 1981 Gwamna Abubakar Rimi ya ƙirƙiro sababbin masarautu, cikinsu har da Dutse, da Auyo wadda aka cire daga Haɗeja. A 1983 gwamnatin Sabo Bakin Zuwo ta soke su, waɗanda aka naɗa suka koma matsayinsu na da. Bayan ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991 aka sake kafa masarautar Dutse, Miga ta fita daga ƙarƙashin Kano ta koma can, Auyo kuwa ta ci gaba da zama gunduma a ƙasar Haɗeja.