Philadelphia: Ranar da Ƙanjamau Ya Shiga Kotu

A watan Yunin 1981 likitocin Amurka suka fara ba da rahoton cutar da daga baya aka sani da ƙanjamau ko SIDA. Sai da aka yi shekara goma sha biyu kafin manyan kamfanonin Hollywood su tunkare ta gadan-gadan, da fim ɗin Philadelphia na Jonathan Demme a 1993.

Tom Hanks ya fito a matsayin Andrew Beckett, haziƙin lauya mai neman jinsinsa, wanda iyayen gidansa suka kora bayan an ga tabon cutar a goshinsa, suka fake da cewa ya yi sakaci da aiki. Lauyoyi da dama suka guje shi. Shi kansa Joe Miller, wato Denzel Washington, garzayawa ya yi wurin likita saboda kawai sun yi musabaha. Bai karɓi ƙarar ba sai da ya ga yadda ake ƙyamatarsa a ɗakin karatu.

Labarin ya yi kama da na Geoffrey Bowers, lauyan New York da aka kora a 1986, ya rasu a 1987 kafin a yanke hukunci. Shi Beckett ya ci nasara, amma a gadon asibiti ya ji labari.

Hanks ya lashe Oscar a 1994. Magunguna masu tsawaita rai suka bayyana a 1996. Mai karatu, yau ƙwaya tana danne ƙwayar cutar, amma har yanzu akwai masu ɓoye takardar gwajinsu don tsoron rasa abincinsu.