Gidan Marayun Bristol: Yadda Dogara ga Allah Ta Zama Ƙa'idar Aiki

A shekarar 1832 annobar kwalara ta afka wa birnin Bristol na ƙasar Ingila, ta bar yara da dama ba uwa ba uba. A shekarar ce kuma wani mai wa'azi ɗan Jamus, George Müller, ya tare a birnin da abokin hidimarsa Henry Craik. Marayan talaka a wancan zamani hanya biyu ce a gabansa: ko bara a titi, ko gidan aikin matalauta, inda dokar 1834 ta sa aka tsananta rayuwa da gangan don kada kowa ya yi marmarin shiga. Cikin Afrilun 1836 Müller ya buɗe gidan marayu na farko a titin Wilson, mai ɗaukar 'yan mata 30. Kafin rasuwarsa a 1898, yara fiye da 10,000 sun tashi a hannunsa, kuma bai taɓa roƙon kowa ko kwabo ba. An saba ba da labarin nan a matsayin jerin al'ajabai. A ganina darasinsa ya fi haka nauyi, domin ya nuna cewa dogara ga Allah, yadda Littafi Mai Tsarki ya koyar da ita, ƙa'ida ce da ke riƙe hannun mutum sa'ad da tsoro ke ingiza shi ga abin da bai dace ba.

Tun kafin marayu ya fara gwada ƙa'idar a kansa. A 1830, yana fasto a garin Teignmouth, ya daina karɓar albashi, ya kuma soke kuɗin hayar kujerun majami'a, al'adar da ke ba mai hali wurin zama mai kyau ta tura talaka baya. Sai aka ajiye akwati, mai niyya ya jefa abin da ya ga dama ba wanda ya sani. Da aikin marayu ya kankama, sharuɗɗansa a fili suke: ba a gaya wa na waje buƙata, ba a cin bashi bisa gargaɗin Bulus a Romawa sura 13, ba a karkatar da kuɗin da aka bayar don wani abu zuwa wani, kuma kowane kwabo sai an rubuta shi. Ya ga misalin haka a gidan marayun da August Hermann Francke ya kafa a Halle, garin da ya yi jami'a. Shi da kansa ya bayyana cewa babban burinsa ya wuce ciyar da yara. Yana ganin ma'aikata Kirista na kashe kansu da aiki don tsoron yunwa, 'yan kasuwa na ha'inci don tsoron karyewa, tsofaffi na fargabar ƙarewa a gidan matalauta. So yake ya kafa musu shaidar da ido zai gani, cewa koyarwar Yesu a Matiyu sura 6 game da damuwar ci da sutura abu ne da za a iya rayuwa a kansa.

Littattafan lissafin gidan sun nuna yadda hakan ya kasance a aikace. Kyauta ta farko sule ɗaya ce, sai kwanoni da wuƙaƙe da cokula suka biyo baya. Wata tela mai samun 'yan sulalla a mako ta kawo fam 100 daga gadon da ta ci, Müller ya zaunar da ita yana ƙoƙarin ya sa ta sake tunani, don kada ta yi abin da za ta yi nadama, amma ta tsaya a kan bakanta. Daga 1838 asusu ya ƙare, aka shiga shekaru na hannu baka hannu ƙwarya. Sau da yawa a ci abincin safe babu kuɗin na rana, ma'aikata su taru su yi addu'a, wani ya fito da ɗan abin da ke aljihunsa, wani ya sayar da kayansa. Duk wanda ke da yara masu yawa a wuyansa ya san irin tsoron da ke cikin wannan hali, ya kuma san yadda bashi ke yi wa mutum murmushi a irin ranar.

Ƙorafi na farko da mai hankali zai kawo shi ne, Müller yana buga rahoton shekara, wanda ke yawo a Ingila da wajenta, ashe wannan ba roƙo ba ne a fakaice? Akwai gaskiya a ciki, don babu shakka rahoton ya jawo masu bayarwa. Sai dai rahoton yana faɗin abin da ya riga ya wuce ne, ba buƙatar yau ba, kuma wanda ya karɓi dukiyar jama'a wajibi ne ya faɗi inda ta shiga. Abin da ya fi ƙarfi shi ne, a ƙarshen 1841, lokacin da babu ta yi tsanani, shi da abokan aikinsa suka ɗage taron jama'a da fitar da rahoton, don kada a ce da shi suka dogara. Mai roƙo a fakaice ba ya toshe hanyar samunsa ranar da ya fi buƙatarta.

Ƙorafi na biyu shi ne, irin wannan bangaskiya kan haifi zaman kashe wando. Tarihin ginin ya amsa wannan. Da maƙwabta suka koka da hayaniyar yara a 1845, bai yi musu gardama ba, ya nemi fili a Ashley Down, ya ƙi aza harsashi sai da kuɗin suka cika. Gida na farko, mai ɗaukar yara 300, ya buɗe a 1849, zuwa 1870 gidajen sun kai biyar, masu ɗaukar kimanin 2,000. A ƙarshen 1857 tukunyar ɗumama gida na farko ta fara yoyo ana shiga hunturu. Müller ya roƙi Allah ya sassauta iskar arewa mai sanyi, ya kuma kira magyara ya tsayar da ranar aiki. Kamar yadda ya rubuta, iskar ta juya a ranar, magyaran kuma suka kwana suna aiki. Hausawa kan ce Allah ya ce tashi in taimake ka, kuma haka gidan ya gudana: yara maza na koyon sana'a, mata na samun horo, har wasu suka zarge shi da ilmantar da 'ya'yan talakawa fiye da matsayinsu.

Ƙorafi na uku ya fi nauyi: muna jin labarin Müller ne don ya yi nasara, ina waɗanda suka dogara suka rasa? Amsar ita ce dogara ba ta taɓa zama alkawarin tsira daga asara ba. Müller ya binne ɗansa jariri a 1835, matarsa Mary a 1870, 'yarsa Lydia a 1890. Al'adar da ya raya ta kai ga Hudson Taylor, wanda ya kafa mishan na cikin ƙasar Sin a 1865, Müller yana tallafa masa. A kan irin wannan turba 'yan mishan Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka Legas a 1893 da nufin shiga cikin yankin Afirka ta Yamma da a lokacin ake kira Sudan. Gowans da Kent sun mutu da ciwo a 1894, sai a 1902 aka kafa tasha a Patigi, aikin ƙungiyar mishan ta SIM da ya haifi ikilisiyar ECWA a 1954. Shi ma gidan Bristol yana da gazawarsa, don a zamanin Müller 'ya'yan aure da suka rasa iyaye biyu kaɗai yake karɓa.

Müller bai ce kowa ya ajiye albashinsa ba, bai kuma ɗauki neman taimako a matsayin zunubi ba. Ya dage cewa bangaskiyarsa irin ta kowane mai bi ce. Saboda haka abin koyi a tarihinsa ya shafi ma'aikaci da ɗan kasuwa da ma'ajin ikilisiya baki ɗaya. Ranar da aljihu ya bushe ake gane mai dogara ga Allah, da abin da ya ƙi yi: bai ƙara gishiri a buƙatarsa ba, bai taɓa amanar da ke hannunsa ba, bai ci bashin da ba shi da hanyar biya ba, kuma bai fasa aikin da ke gabansa ba.