Wasan Ɗan Leƙen Asiri a Zauren Hira na Wurin Aiki

Wasan ɗan leƙen asiri wasa ne na kaifin ƙwaƙwalwa, inda kowa ya san wani sirri sai mutum ɗaya. Abokan aiki kan buga shi a manhajojin hira kamar Slack da WhatsApp lokacin hutu.

Asali

Wasan da aka fi sani a wannan salo shi ne Spyfall, wanda Alexander Ushan ya ƙirƙira, kamfanin Hobby World na Rasha ya fitar da shi a 2014. Kakansa shi ne Mafia, wanda Dimitry Davidoff ya tsara a Jami'ar Mosko a shekarun 1980. Masu jin Faransanci sun fi sanin ɗan uwansa, Les Loups-garous de Thiercelieux, da ya fito a 2001.

Yadda ake bugawa

Mutum 3 zuwa 8 ne suke yi, zagaye ɗaya kuma minti 8 ne. A zauren hira, alƙalin wasa yakan tura wa kowa sunan wuri guda ta saƙon sirri, sai mutum ɗaya da zai gaya wa cewa shi ne ɗan leƙen asiri. Daga nan sai a dinga yi wa juna tambayoyi bi da bi, kuma ba a mayar da tambaya ga wanda ya tambaye ka yanzun nan.

Misali, 'yan N'Djamena suna iya zaɓar Babbar Kasuwa, filin jirgin sama na Hassan Djamous, bakin kogin Chari ko gadar Ngueli da ke kaiwa Kousseri. In gadar ce, sai wani ya tambaya: "Me kake riƙewa in za ka can?" Wanda ya ce "takardar tsallaka iyaka" ya tona wurin. Wanda ya ce "waya" kuwa bai nuna ya san komai ba, sai a fara zarginsa. Gwaninta tana tsakanin biyun.

Jama'a suna cin wasa idan bakinsu ya zo ɗaya a kan ɗan leƙen asirin na gaskiya. Shi kuma yana ci idan ya canki wurin, ko aka kama wani a madadinsa.

Abin lura

A rubuce ba a ganin fuska, don haka kalmomi da jinkirin amsa su ne shaida. Sai dai jinkiri ba ya nufin rashin gaskiya, domin intanet kan yi nauyi, wani kuma Hausa yake tunani da ita yana rubutawa da Faransanci ko Larabci. Ya kamata a yarje kan harshe ɗaya tun farko.

Haka kuma a buɗe wa wasan zaure na daban. A Chadi, inda hukumomi suka toshe WhatsApp da Facebook daga Maris 2018 zuwa Yuli 2019, kiran mutum ɗan leƙen asiri a rubuce ba ƙaramin abu ba ne idan hoton saƙon ya fita waje. Kada a tilasta wa ƙaramin ma'aikaci ya zargi maigidansa, kuma da zarar alƙali ya bayyana amsa, zargi ya ƙare ke nan.