Ciwon Kafaɗa: Abin Da Za Ka Yi A Gida Da Lokacin Da Ya Zama Dole A Je Asibiti

Da yawa daga cikin 'yan uwanmu da ke zaune a Kudu da kafaɗa suke cin abinci. Ɗan dako mai sauke buhunan albasa a Mile 12, mahauci a kwatar Oko-Oba ta Agege, mai jan igiyar saniya a karar Lokpanta, mai turin baro a Sabo ta Ibadan, ɗan okada, duk kafaɗar ce jarinsu. In ta ƙi ɗaguwa, to ranar ba ciniki. Shi ya sa da yawa ke haɗiyar ƙwaya su koma aiki, har ƙaramin ciwo ya zama babba.

Yadda kafaɗa take

Kan ƙashin dantse dunƙulalle ne, yana zaune cikin wani gurbi marar zurfi a jikin allon kafaɗa. Rashin zurfin nan ne ya sa hannu ke iya juyawa ko'ina, shi ne kuma ya sa kafaɗa ta fi sauran manyan gaɓoɓi saurin gocewa. Tsokoki 4 ne da jijiyoyinsu ke riƙe ta. Mafi yawan ciwon daga nan yake fitowa.

Abubuwan da suka fi kawo shi

Na farko, wahalar jijiya saboda ɗaga kaya sama da kai ko fizgar igiya. Alamarsa zafi in ka ɗaga hannu ta gefe, da kuma kasa kwanciya a kan wannan ɓangaren da dare.

Na biyu, sagewar kafaɗa. Gaɓar ce ke ƙagewa a hankali, har mutum ya kasa sa riga ko kai hannu aljihun baya. Ta fi kama 'yan shekara 40 zuwa 60, musamman masu ciwon suga. Tana iya ɗaukar shekara 1 zuwa 3 kafin ta saki.

Na uku, buguwa: faɗuwa daga babur ko saman tirela, ko tunkuyin sa. Nan ake samun targaɗe, gocewa ko karaya.

Wani lokacin kuma matsalar a wuya take. In zafin na sauka har yatsu tare da jin kamar ana tsira maka allura, wuyan ya kamata a duba.

Abin yi a gida

In ba faɗuwa ka yi ba, kuma hannun yana motsi, gwada waɗannan:

1. Ka bar aikin da ke tayar da ciwon na 'yan kwanaki, amma kada ka daina motsa hannun gaba ɗaya. Kafaɗar da aka rataye sati da sati sagewa take yi.

2. A kwana 2 na farko, ka naɗe ƙanƙara ko daskararren fiya wata a tawul ka ɗora minti 15 zuwa 20, sau 3 ko 4 a rana. Kada ƙanƙarar ta taɓa fata kai tsaye. Bayan haka gashi da ruwan ɗumi yana sassauta tsoka. Ɗumi fa, ba tafasasshe ba.

3. Ka dafa tebur da lafiyayyen hannu, ka sunkuya, ka saki mai ciwon yana lilo. Ka juya shi a hankali kamar kana zana ƙaramin da'ira, na minti ɗaya. Sannan ka fuskanci bango ka riƙa hawa da yatsu sama-sama har inda zafi ya fara, ka tsaya nan. Safe da yamma.

4. Wajen barci, ka kwanta rigingine ko a kan lafiyayyen gefen, ka rungumi filo.

5. In ka koma aiki, ka jawo kaya kusa da jiki kafin ka ɗaga, ka riƙa canza kafaɗa. Buhun da ya fi ƙarfinka, a kama maka. Ba abin kunya ba ne.

Maganar magani

Farasitamol mai 500mg, babba yana shan 2 a lokaci guda, a bar aƙalla awa 4 zuwa 6 a tsakani, kuma kada ya wuce ƙwaya 8 a awa 24. Wuce hakan na lalata hanta. Ibuprofen ko diclofenac sai bayan an ci abinci, kuma ɗaya ake zaɓa, ba a haɗa su. Mai olsa, mai ciwon ƙoda, mai hawan jini da mai juna biyu kada su sha sai likita ya yarda.

A guji haɗin nan da wasu 'yan kemis ke ƙullawa a leda ba suna. Sau da yawa maganin zafi iri biyu ko uku ne a ciki, kuma irin wannan ne ke huda ciki. Ita kuwa tramadol ɓoye zafi kawai take yi, kai kana ta lodi jijiya na ƙara yagewa, ga kamu da ke biyo baya.

Ka je asibiti a cikin satin in:

- an yi sati 2 ana kula a gida ba sauƙi
- zafin na hana ka barci
- hannun ya yi rauni ko yana ƙara ƙagewa
- kana da sikila, don cutar kan kashe kan ƙashin dantse

Ka tafi yanzu-yanzu in:

- kafaɗar ta canza siffa bayan faɗuwa, ko ka kasa ɗaga hannun sam
- hannun ya yi sanyi, ya mutu, ko launinsa ya canza
- gaɓar ta kumbura, ta ɗau zafi, ga zazzaɓi
- zafin ya zo da nauyin ƙirji, gumi, ƙarancin numfashi, ko yana tafiya muƙamuƙi da hannun hagu. Wannan na iya zama bugun zuciya.
- an bugi mutum a ciki ko haƙarƙari, sai kafaɗar hagu ta kama ciwo. Saifa na iya fashewa jini na zuba a ciki.
- mace mai ƙaramin ciki ko wadda ta yi ɓatan wata ta ji ciwon mara da zafi a ƙarshen kafaɗa. Cikin na iya zama a wajen mahaifa.

Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112, a Legas kuma akwai 767.

Batun ɗori

Mun taso mun ga masu ɗori, kuma ba raina su ake yi ba. Amma ido ba ya bambanta gocewa da karaya, sai hoto. Jan kafaɗar da ke da karaya na iya tsinka jijiya, ɗauri mai tsauri kuma yana tare jini har hannu ya ruɓe. A fara ɗaukar hoto tukuna. Akwai asibitin ƙashi na tarayya a Igbobi ta Legas da kuma Enugu, UCH ta Ibadan ma tana da sashen ƙashi da na gashin ƙashi. Babban asibitin gwamnati mafi kusa da kai ma ya isa a fara da shi. Kada ka ce sai ka je gida da Sallah a duba ka a Dala, don kafaɗar da ta goce ta kwana biyu, mayar da ita ya fi wuya.

In Turanci ko yaren garin zai ba ka matsala, ka tafi da wanda zai yi maka tafinta, ka kuma riƙe kwalin duk maganin da ka sha.

Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya sa albarka a nema.